Ranar da Kaka Ta Fita da Tsakar Rana

Daga Allah muka zo, wurinsa kuma za a koma, mai sauri da mai jan ƙafa. Kakata, mahaifiyar babana, tana cikin masu jan ƙafa. Ta rasu a gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi cikin bazara, shekara biyu kafin Turawa su naɗe tutarsu, kuma babu wanda ya san shekarunta, har ita kanta. Abin da aka sani shi ne ta yi takabar mijinta, ta karɓi gaisuwar mutuwar 'ya'yanta maza uku, kuma duk matan da suka yi ƙuruciya tare ta raka su da addu'a ɗaya bayan ɗaya.

Zaman makokinta bai yi kama da zaman makoki ba. Duk wanda ya shigo zaure, da ya shafa fatiha sai ya gyara zama ya fara bayanin abin da ya sa ta daɗe a duniya, sai ka ce tare suka ƙulla. Liman ya ce tashin asuba ne. Wani tsoho mai sayar da goro ya ce a'a, ruwan randa ne, domin bai taɓa ganin ta sha wani ruwa ba. Wani Bamoshe dillalin shanu, wanda Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya zauna yana girgiza kai.

"Tsohuwa ya tafi," in ji shi. "Shi ne ya ba ni ruwa ranar da na fara shiga Kumasi. Ya wahalar da ni paa, sosai-sosai, kafin ya ba ni, amma ya ba ni."

Wata Ba'asantiya mai sayar da agade, wadda Kaka ta yi shekara da shekaru tana ciniki a wurinta, ta tsaya a bakin ƙofa da baƙin zanenta tana cewa, "Due, due o," wato gaisuwar mutuwa a yarensu. Ita kuma ta rantse cewa sirrin Nana, yadda take kiran Kaka, shi ne ba ta cika ciki.

A cikin gida kuwa dariya ake yi. Jikoki sun zo daga Tamale da Ankara ta bakin teku, mutanen da wasunsu suka shekara goma ba su taka gidan ba, suna wasan jika yadda aka saba in tsoho ya rasu. Ɗaya ta ɗaura zanen Kaka, ta ɗauki sandarta, ta ranƙwafa tana kwaikwayon tafiyarta. Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka, tana share hawayen dariya tana cewa wannan ba mutuwar kuka ba ce. Wata 'yar Gwaggo ta leƙo zaure ta hango ni.

"Maigida, amaryarka ta gudu ta bar ka. Me ka yi mata?"

Maza suka yi dariya. Ni ban iya ba. Na tashi na zaga bayan gida na tsaya wajen tulin itace har na ji an kira azahar.

Yau babu wanda ya san ta a gidan nan sai ni. Shi ya sa nake rubuta wannan, don kada a manta da ita, kuma don in amsa tambayar 'yar Gwaggo, wadda ta yi ta cikin wasa ba ta san ta taɓa inda ke ciwo ba. Ni ne mutum na ƙarshe da ya rage kusa da Kaka wanda al'ada ta ba shi damar tsokanarta, kuma na hana ta wannan har bazara biyar.

A wurinmu jika namiji mijin kakarsa ne na wasa. An ce ranar da aka haife ni ta leƙa cikin tsumma ta taɓe baki ta ce, "To, ga maigida ya iso, ba haƙori ba wando. Da me zai riƙe ni?" Daga ranar sunana ya zama Maigida a bakinta, ni kuma da na yi baki nake ce mata Amarya. Har na yi gemu, na koyi ɗinki, na kafa kekena a barandar kantin wani Kwara, wato Balarabe, mai sayar da yadi a Adum, unguwar kantuna, ba mu fasa ba. Ina shigowa gida da yamma za ta tare ni.

"Maigida, ina zanen da ka yi mini alkawari?"

"Sai haƙoranki sun fito, Amarya."

"Ka ji mijin banza. Tela guda, matarsa na yawo da tsumma."

In za ta yi irin wannan magana fuskarta a murtuke take, ko liman ba zai fi ta ba. Gefen bakinta na hagu ne kawai yake tona mata asiri, yana ɗan motsawa kamar tana tauna ƙwayar gero.

Masu makoki ba su yi ƙarya ba, tana da dokokinta na bazara, kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Wanda bai san Kumasi ba yana tsammanin ƙasar kurmi ce mai sanyi. To, ya zo a watannin da ruwa ke shirin sauka, ya wuni ƙarƙashin rufin kwano, zai ba da labari. Kaka da ƙafa ta zo daga ƙasar Katsina tare da ayarin fataken goro, ta zauna Salaga kafin ta gangaro nan, saboda haka ta san rana iri biyu. Takan ce ranar gida gashi take yi, ta Kumasi kuwa dafuwa.

Tun duku-duku take tashi. Bayan salla ta ɗauki ƙaramin tulunta ta taka zuwa famfon unguwa da kanta, ko da akwai matan gida huɗu da za su ɗebo mata. Ta ce ba ruwan take nema ba, ƙafafun take aikewa don kada su manta aikinsu. Shara, wanki, tsince wake, duk kafin hantsi ya ɗaga ta gama. Da inuwar mutum ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafarsa sai ta watsa ruwa a jiki, ta yayyafa wa daɓen ɗakinta, ta ɗaura farin zane sako-sako, ta kwanta da maficinta. Daga nan har la'asar ko gobara aka yi sai dai a ba ta labari. Ban taɓa ganin ta taka waje da tsakar rana ba, ko suna ake yi a maƙwabta.

Abincinta na bazara ba ya cika kwano. Kunun tsamiya da safe, kwaɗon zogale ko rama da rana, tuwo kaɗan da miyar kuka da yamma. Nama mai kitse da miyar manja sai damina ta sauka. Takan tsame hannu alhali tana son ƙari, in an yi magana ta ce ta bar wa gobe wuri. Lokacin da ruwan ƙanƙara ya shigo gari na taɓa kawo mata a kwalba, ina ɗoki. Ta taɓa kwalbar da yatsa ɗaya ta janye.

"Wannan yaudarar ƙishirwa yake yi. Kai wa wata amaryar, ni ba ka gaji da ni ba tukuna."

Randarta tana zaure, an kafa ta cikin jiƙaƙƙen rairayi, da faifai a baki da moɗa a kai. Ta kowa ce: 'yan dako, masu koro shanu daga arewa, masu talla. Sai dai akwai sharaɗi. Ba a sha a tsaye, ba a kuma sha da haki. Mutum zai shigo maƙogwaronsa a bushe, ya miƙa hannu, ta dafe faifan da sandarta.

"Zauna."

"Iya, sauri nake yi."

"Ruwan ba ya sauri. Zauna numfashinka ya dawo."

Yana zaune yana harararta za ta tambaye shi garinsu, da sunan uwarsa, da ko an yi ruwa a hanyar da ya biyo. Sai ta ga kafaɗunsa sun sauka sannan ta ɗage sandar, ta ce ya kurɓa sau uku yana hutawa. Na ga ƙarti sun fita suna ƙunƙuni, na kuma ga sun dawo washegari. A lokacin na ɗauka lafiyarsu kawai take kiyayewa. Sai daga baya na gane ita ma hirar take sha.

Dokar da ta fi ba mutane haushi ita ce ba ta faɗa da tsakar rana. Wata rana ta ba matar wani ɗan haya aron turmin Gwaggo da ke ajiye a gidanmu, turmin ya tsage. Labari ya kai wa Gwaggo, ta taso daga unguwarsu rana na dukanta, ta faɗo ɗakin Kaka ko sallamar kirki babu.

"Faɗa kika zo?" in ji Kaka, ba ta ko tashi ba.

"Magana na zo mu yi, Iya."

"Da wannan fuskar faɗa ne. An rufe. Sai bayan la'asar."

Ta tura mata tabarma da ƙafa, ta nuna mata ƙwaryar kunu. Gwaggo ta zauna tana huci, ta sha kunun don ba yadda za ta yi, ta jingina da bango. Can sai muka ji minshari. Da ta farka ta nemi fushin ta tarar rabinsa ya tsere. Da sauran rabin suka yi 'yar cacar baki ta minti biyar, Kaka ta amsa laifinta, aka wuce wurin.

Bayan la'asar kuwa lokacin wasa ne, kuma a wurinta wannan ma doka ce. Ta ce zafin da ya shiga jiki da rana ta ƙofa uku yake fita, gumi da barci da dariya, kuma ta ukun ba a iya buɗe ta mutum shi kaɗai. Tana da ƙawa Banufiya, tsohuwa kamarta, mai sayar da ƙuli-ƙuli. Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne, saboda haka kullum rana ta yi sanyi Banufiyar za ta dogaro sanda ta shigo tana tambaya ina baiwarta. Su zauna gindin mangwaron tsakar gida suna zagin juna da kakannin juna har magariba. Wanda bai sani ba zai ce yanzu za a dambace. Ni kuma in na dawo daga Adum sai su haɗu a kaina.

Banufiya ta rasu da damina. Kaka ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da na shigo da yamma ta ce, "Baiwata ta gudu, Maigida. Yanzu zagin mutum biyu ya hau kanka." Na ce na ɗauka. Na kuwa ɗauka har shekara guda, sannan Baba ya kwanta ciwon kwana tara ya cika.

Bayan sadakar arba'in dattawan unguwa suka zaunar da ni a zaure, a kan buzun Baba. Liman ya ce, "Daga yau kai ne maigida." Wasu suka murmusa, don kowa ya san wa ke kirana haka. Da aka watse Kawu, yayan mahaifiyata, ya ja ni gefe. Ya ce gida mai 'yan haya bakwai ba a riƙe shi da wargi, in suka ga ina wasan yara a tsakar gida ba wanda zai ji maganata. Ya ce kuma tsohuwar nan ɗanta na ƙarshe ta rasa, abin da take bukata yanzu girmamawa ne da lallashi.

Ba zan ɗora wa Kawu ba. Maganar ta yi mini daɗi, gaskiya ke nan. Ina da shekara talatin da 'yan kai, an ba ni buzu, kaina ya ɗauka. Kuma har ga Allah na ga kamar rashin tausayi ne in tsaya gaban matar da aka binne ɗanta ina ce mata Amarya.

Washegari na je ƙofar ɗakinta na tuɓe takalma na durƙusa, abin da ban taɓa yi ba.

"Iya, kun tashi lafiya?"

Ta dube ni, ta waiga bayanta, ta leƙa ƙarƙashin gado.

"Ni da wa? Ni kaɗai ce a ɗakin."

Gefen bakinta yana motsi. Ƙofa ce ta buɗe mini, da na ce ita da aljanunta da shi ke nan an wuce wurin. Sai na sunkuyar da kai na ce Allah ya ƙara lafiya, na tashi.

Ba ta saduda da wuri ba. Ta ɓoye hulata, na aiki matata ta roƙo mini ita cikin ladabi. Ta ce a gaban 'yan haya wannan miji nata ya fara tumbi, na ce albarkacin addu'arku ne, Iya. Ta yi mini waƙar zambo ina alwala, na yi kamar ban ji ba. A hankali ta rage. Abin da na lura da shi, kuma na ɗauka ci gaba ne, shi ne ta daina ce mini Maigida. Kowa a gidan yana faɗa, 'yan haya, maƙwabta, matata, ita kaɗai ta daina. In za ta kira ni sai ta ce, "Kai."

Ban rage ta da komai ba, ko haka nake gaya wa kaina. Na sa aka yi wa ɗakinta silin na tabarma don zafin kwano. Tsamiya da gero ba su taɓa yankewa ba. Na kafa doka cewa kada wanda ya yi motsi kusa da ƙofarta, har 'ya'yana suka tashi suna tsoronta, suna bin bango in za su wuce. Na hana baƙi zama a zaure don kada su dame ta, na sa aka fitar da randar waje, kowa ya sha ya wuce. Na kewaye ta da girma ta ko'ina, ban bar mata ko kafa ba.

Ita kuwa ba ta fasa ko ɗaya daga dokokinta ba. Tana zuwa famfo, tana kwanciyar rana, tana tsame hannu daga kwano. Jikinta garau, ko mura ba ta cika yi ba. Bayan la'asar takan fito gindin mangwaro ta shimfiɗa tabarma, ta zauna a gefe guda ta bar rabin. Haka nake tarar da ita in na dawo, in durƙusa in gaishe ta in wuce. Matata ta ce ta taɓa ji tana cewa, ba da kowa take ba, "Na kula da jikin nan har ya ƙi sakina."

Ranar da abin ya faru Laraba ce, a tsakiyar bazara ta biyar. Rana ta take, kwalta tana kama takalmi, ko masu talla sun fake. Ina barandar kanti ina gwada wani akawu da zai ɗinka kwat, igiyar awo a wuyana. Na ɗaga kai sai na hango tsohuwa tana tsallako titi da sanda, motoci na yi mata ƙaho. Sai da ta iso inuwar baranda na yarda ita ce. Daga Aboabo zuwa Adum tafiya ce ko ga saurayi. Zanenta ya jiƙe sharkaf, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwalinta na salla.

Ta tsaya tana haki, ta buga sanda a ƙasa, ta ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji.

"Jama'a, ku yi mini shari'a. Ga mijina nan, tela guda. Shekara talatin yana mini alkawarin zane."

Akawun ya fara dariya. Sauran teloli suka tsayar da kekunansu. Kwaran ya leƙo daga kanti. Kowa ya juyo yana jiran amsata, don duk wanda ya tashi a zango, unguwar Hausawa, ya san irin wannan wasa, har Asantawan cikinsu. Ni kuwa kunya ta rufe ni, da tsoro kuma, ganin yadda ƙirjinta ke hawa da sauka.

"Iya, lafiya? Me ya fito da ku cikin ranar nan? Ai da kun aiko."

Na ja kujera, na shiga kanti da sauri na ce a yanko mini atamfa mafi tsada, yadi shida. Na fito na durƙusa na ɗora mata a hannu bibbiyu.

Ta dubi atamfar ta daɗe. Ta shafa ta da tafin hannu.

"Na gode," in ji ta. "Allah ya yi albarka."

Kwaran ya kawo ruwa daga firjinsa a kofin gilashi. Na buɗe baki in ce ba ta sha, sai na ga ta karɓa. Ba ta zauna a kujerar ba. A tsaye ta shanye shi, da hakinta, a tashi ɗaya. Na tsayar da tasi na sa ta a ciki na gaya wa direba gidan, na koma na ƙarasa awon kwat, ina jin haushin matan gida da suka bar ta ta fito.

Da yamma na tarar da ita kwance da zazzaɓi da ciwon kai. Washegari na kawo mai ba da magani daga asibiti, ya duba ta ya ce rana ce ta buge ta, ga kuma shekaru. Na fita tsakar gida na hau matata da faɗa. Ta bar ni na gama. Mace ce mai kawaici, ba ta taɓa mayar mini da magana ba sai ranar.

"Na hana ta, Maigida. Ta ce da yamma a gida ba ka kula ta, da safe kana sauri. Ta ce a gaban mutane dole ka rama, ba za ka bari tsohuwa ta kayar da kai a kasuwa ba. Tun hantsi take shiri, tana sa kwalli tana dariya ita kaɗai. Rabon da in ji dariyarta har na manta." Ta nuna atamfar da ke ajiye a kan turmi, ko warware ta ba a yi ba. "Ba wannan ta je nema ba."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, irin wadda ba ta barin mutum ya zauna ko ya tsaya. Duk da haka sai da na kwana uku ina kai-kawo a ƙofar ɗakin. Ina shiga in gaishe ta, in yi mata fifita, in buɗe baki, maganar ta ƙi fitowa. Abin da na yi shekara talatin ina yi ba tare da tunani ba, yanzu sai na zauna a kan keke ina tsara shi kamar wasiƙa.

A rana ta huɗu ban je Adum ba. Na jira aka yi la'asar, don lokacinta ne. Gwaggo da ta zo jinya ta fita alwala, ɗakin ya rage daga ni sai Kaka. Ta rame, idanunta a rufe, amma da na taɓa hannunta ta buɗe su ta gane ni. Ban durƙusa ba. Na zauna a bakin gado, na murtuke fuska yadda take yi, na kausasa murya.

"Ke Amarya. Wa ya ba ki izinin fita? Matar aure guda, ki sa kwalli ki tafi yawo har Adum ba da sanin mijinki ba?"

Na jira. Na san abin da ya kamata ya biyo baya: mijin banza, kwana huɗu kafin ya lura matarsa ta fita. Har na tanadi amsar da zan mayar.

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta yunƙura kamar za ta gyara ɗankwali, ta sauke idanunta ƙasa, ta yi magana a hankali.

"Ka yi haƙuri, maigida. Ba zan ƙara ba."

Na dubi gefen bakinta na hagu. Na matso na duba sosai. Ɗakin ba haske sosai, leɓunanta kuma sun bushe da zazzaɓi. Ban ga ya motsa ba, ban kuma isa in rantse bai motsa ba.

"Wasa nake yi, Kaka," na ce. "Wasa ne. Ni ne."

Ta riga ta rufe ido. Gwaggo ta shigo ta ce in bar ta ta huta. Ba ta ƙara wata magana mai tsawo da kowa ba, sai kalmar shahada da Gwaggo ke laƙƙana mata, har ta cika bayan kwana biyu da hantsi.

Na juya wannan magana tata a raina fiye da yadda na juya kowace magana da aka taɓa gaya mini. Wata rana in ce ai Kaka ce, ta kayar da ni ne kayarwar ƙarshe, ta yi mini amarya mai ladabi don ta ga yadda fuskata za ta yi. Wata rana kuma in ce a'a, shekara biyar na yi ina koya mata cewa ni ba abokin wasanta ba ne, ta kuwa koya, har tsohuwar da ta goya ubana ta ba ni haƙuri tana jin tsorona. Babu wanda zan tambaya. Mu biyu ne a ɗakin.

Ga shi ni ma na daɗe. Dokokinta na bi, don su na tarar kuma suna aiki, jiki bai ba ni wahala ba. Tsararrakina na Adum duk sun tafi, matata ma ta riga ni. Mutanen gidan nan suna girmama ni ƙwarai, ba abin da na nema na rasa.

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe mata, ya yafe mini abin da na yi mata da sunan ladabi. Ya sanyaya makwancinta. Ya sa inda ta sauka akwai inuwa mai faɗi, akwai kuma wanda zai zauna kusa da ita ya tsokane ta.